Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙaramin Akwatin Tebur na Kayan Buga Takardu a Gida

Ina aikin buga takardu a ɗakina da ke Samaru a Zariya: katin ɗaurin aure, na suna, sitika ta masu sayar da turaren wuta da yaji, sai kuma aikin ɗalibai idan zangon karatu ya zo ƙarshe. Duk wanda ya shigo karɓar aiki sai idonsa ya tsaya a kan wani ɗan akwatin katako da ke gefen firinta, daga nan kuma sai tambaya. Ga tambayoyin da aka fi yi mini, da amsoshin da nake bayarwa.

Wane irin abu ne wannan akwati, kuma wa yake buƙatarsa?

Ma'aji ne ɗan ƙarami da ke zama a kan tebur, an raba shi gida-gida, kowane kayan aiki da mazauninsa: reza, almakashi, rular ƙarfe, sitefila da filolinta, abin huda takarda, gam, salatef, kwalaben tawada, filashi, tsumman goge-goge. Wanda ke da babban shago a Sabon Gari ko PZ yana da kanta da durowoyi, ba shi da wannan damuwa. Maganar tamu ta mai tebur ɗaya ce, wanda a kansa kwamfuta take, a kansa firinta take, a kansa ake yanka, wataƙila ma a kansa yara ke yin aikin gida da daddare. A irin wannan tebur, tafin hannu guda na fili dukiya ne.

Ta ina zan fara? In fara zana shi a takarda ne?

A'a, zane shi ne na uku. Abu na farko shi ne ka san hannunka.

Samo faranti ko murfin kwali, ka ajiye a gefen tebur. Kwashe duk kayan aikinka ka zuba a jaka. Har tsawon mako guda, duk abin da aiki ya sa ka ciro daga jakar, idan ka gama kada ka mayar da shi, ka aje shi a farantin. Ranar da mako ya cika, abin da ke cikin faranti shi ne kayan aikinka na gaskiya. Abin da ya rage a jaka ba shi da hurumi a kan tebur, wurinsa durowa ko ƙarƙashin gado. Da na yi wannan gwaji, a cikin tarkace fiye da talatin, goma sha ɗaya kacal suka fito. Akwai almakashi uku a jakar, ɗaya kawai hannuna ya sani.

Na biyu, a cikin waɗanda suka fito, ka lura da wanda kake ɗauka sau ashirin a yini da wanda kake ɗauka sau ɗaya. Wannan shi ne ruhin aikin gaba ɗaya, kuma ba sabon ilimi ba ne a garin nan. Zariya ta daɗe da sanin ɗab'i: a nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada a 1945. A zamanin da maɗaba'o'in duniya ke jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu, akwatin haruffa ba a raba shi daidai wa daida. Harafin da ya fi yawan fitowa shi ke da gida mafi girma, kuma a tsakiya, inda hannu ke sauka ba tare da an duba ba. Manyan haruffa, da yake ba kullum ake bukatarsu ba, akwatinsu na can sama. A Turanci harafin "e" ne mai babban gida; da don Hausa aka zana akwatin, ba shakka "a" ne zai samu. Ko ka dubi zabirar wanzami: aska tana da gidanta, ƙaho yana da nasa, yana hira da mai gida yana zaro abin da yake so bai ko sunkuya ba. Haka teburin mai shayi yake. Abin da kake so ke nan, akwatin da za ka iya ɗauko reza daga cikinsa ko an ɗauke wuta.

Sai bayan wannan ka ɗauki tef ɗin awo, ka auna kayan nan ɗaya-ɗaya, sannan ka yi zane.

To yaya girmansa ya kamata ya kasance?

Takarda ce ta yanke mini hukunci. Takardar A4 tsawonta milimita 297 ne, faɗinta 210. Rim ɗaya falle 500 ne, kaurinsa wajen santimita 5, nauyinsa kuma, idan mai giram 80 ce, kusan kilo biyu da rabi. Na mai da ƙasan akwatin ɗakin takarda, cikinsa santimita 31.5 a faɗi, 23 zuwa ciki, 6 a tsayi, don rim ya shiga da rigarsa kuma yatsa ya samu wurin jawowa. Idan aka haɗa da kaurin bangaye, waje ya zama santimita 34 da 25. Wannan shi ne duk filin da akwatin ya ci a tebur, ƙasa da abin da ƙaramar firinta irin Epson L3110 ke ci.

Saman ɗakin takardar na yi shi hawa uku kamar matakala. Layin baya shi ne mafi zurfi, santimita 16, na dogayen kaya: rula, almakashi, wuƙar yankan takarda, alƙalamin maka da biro. Layin tsakiya na tawada ne da gam, yana da murfi. Layin gaba ɗan tire ne mara zurfi, santimita 4, an raba shi huɗu: filolin sitefila, filashi, ƙananan maƙalai, sai gida ɗaya da na bari fayau.

Ƙa'idar zurfi mai sauƙi ce. Dogon abu ya nutse kamar rabinsa ko kashi biyu cikin uku, sauran ya leƙo don a kama. Rula mai santimita 30 a gida mai zurfin 16 tana tsayawa cak. A gida mai zurfin 8 kuwa sai ta karkata, ta ja na kusa da ita su faɗi tare. Ƙananan abubuwa kuma idan gidansu ya yi zurfi, sai ka koma tono da yatsa biyu kamar mai neman tsaba a kwalba.

Me ya sa takarda a ƙasa? Ba ta fi sauƙin ɗauka a sama ba?

Dalili biyu. Nauyinta yana danne akwatin, ko an fizgi almakashi da sauri ba ya motsi. Sannan takarda tana son kwanciya a shimfiɗe, a rufe. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, takardar da aka bari a fili tana shan danshi ta lanƙwashe, firinta ta riƙa cije ta. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, fallaye su riƙa manne wa juna, inji ya ja biyu ko uku lokaci guda. Bar ta cikin rigar da ta zo da ita, ka tsaga baki ɗaya kawai. Kafin ka sa a firinta ka ɗan karkaɗa ta iska ta ratsa tsakanin fallayen.

Ban yi wa ɗakin durowa ba, domin durowa tana da nata bangayen, za ta ƙara faɗi. Ƴar ƙofa ce mai faɗowa gaba, da ɗan maganaɗisu da ke riƙe ta.

Wane katako ya fi dacewa?

Filawud, wato siraran fallayen katako da aka manne wuri ɗaya. Ana sayar da shi falle-falle, ƙafa 4 da ƙafa 8, amma kada ka sayi falle guda don wannan ɗan aiki. Ragowar da ke jingine a shagon kowane kafinta ta isa har ta yi saura. Mai kaurin milimita 12 don bangaye da ƙasa, mai milimita 6 don rabe-raben ciki da baya. Idan ka yi rabe-raben da mai kauri, katako zai cinye filin da kake nema wa kaya.

MDF yana da santsi, yana karɓar fenti da kyau, shi ya sa idon mutane ke zuwa kansa. Amma garin katako ne aka matse da gam, ruwa na taɓa bakinsa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. A teburin da ake zuba tawada ana goge-goge da jiƙaƙƙen tsumma, ban ba da shawararsa ba. Ɗanyen katako kuwa, wanda bai gama bushewa ba, hunturun Zariya na farko zai murɗe shi, ƙofar ta daina rufuwa. Idan lallai tsantsar katako kake so, nemi tsoho, kamar ƙyauren tsohuwar kwaba da aka cire. Ya riga ya gama duk motsin da zai yi.

A goge shi da sanfefa sosai, musamman bakin gidajen, a shafa banish hannu biyu ciki da waje. Cikin ne ma ya fi muhimmanci, don nan ne tawada ke ɗiga. A ƙasa a manna ƴan guntayen roba huɗu, ko da na tsohon tiyub ne, don kada ya zame kuma kada ya zauna cikin ruwa idan wani abu ya zube.

Na kai wa kafinta zane, abin da ya yi mini daban. Ina matsalar take?

Yawanci a awo take. Kai ka rubuta santimita, shi kuwa da inci ya koyi sana'a, tef ɗinsa ma ta gefen inci yake karantawa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Akwatin nan nawa, a yarensa, inci goma sha uku da rabi ne a faɗi, inci goma zuwa ciki. Filawud mai milimita 12 shi ne "rabin inci", mai 6 kuma "kwata". Matsala ta biyu ita ce ba a faɗa masa awon ciki ne ko na waje ba. Ka ce masa 31.5, ya yanka waje 31.5, bangaye suka cinye santimita biyu da wani abu, rim ya ƙi shiga.

Maganin duka biyun shi ne ka tafi da kayan. Ranar da na je wurin dattijon da ya yi mini nawa, na ɗauki rim guda, da rula, da kwalbar tawada da ta ƙare, da samfurin da na haɗa da kwali. Na ce, "Baba, irin wannan nake so, amma na katako." Ya juya kwalin sama da ƙasa, ya tura rim ɗin ciki ya zaro, ya ce, "Yaro, nan ka matse shi da yawa. Katako ba kwali ba ne, ba ya ba da kai. Bari in ƙara maka kaurin fensir." Ya kuma hana ni buga ƙusa a rabe-raben ciki. Ya tsaga ƴan hanyoyi a jikin bangon da zarto, allunan suna shiga suna fita kamar gilashin taga. A lokacin ban ga amfanin wahalar ba. Yanzu na sauya tsarin layin gaba sau uku ban koma wurinsa ba, sai dai gaisuwa.

Gani ya kori ji. Rabin awa da za ka ɓata kana yanka kwali ta fi dogon bayani.

Ni ɗalibi ne, ba ni da kuɗin kafinta. Akwai wata dabara?

Akwai, kuma ba abin raina wa ba ne. Kwalin da rim biyar ke zuwa a ciki an yi shi daidai girman A4, ka roƙa a kowane shagon fotokwafi a bakin jami'a ko a Kongo. Rage tsayinsa, ka ninka bangayen biyu-biyu da farin gam na kafintoci, irin Top Bond, ka danne da littattafai ya kwana. Kwali biyu da aka manne, idan aka saɓa layukan cikinsu, suna ƙarfi fiye da yadda ake zato.

Don dogayen kaya, sami ragowar bututun roba na masu aikin famfo, mai inci biyu. Yanka shi gunduwa-gunduwa, wani santimita 16, wani 10, wani 6, ka goge baki, ka jera su a tsaye cikin kwalin, ka manne. Gwangwanin madara ko na tumatir ma yana yi, sai dai ka bubbuge bakin da guduma don kada ya yanke ka, ka kuma shimfiɗa ɗan kwali a gindinsa saboda tsinin almakashi. Irin wannan akwati zai kai ka shekara ko fiye, muddin bai jiƙe ba, kuma ranar da kuɗi suka samu ga samfurinka a hannu, wanda aiki ya riga ya gyara.

Ina ya kamata tawada ta zauna?

A tsaye, a rufe, nesa da rana, kuma kowace kwalba a gidanta ita kaɗai. Wannan ne wurin da na fi taurin kai, domin na ɗanɗana.

Wata Alhamis da daddare na gama buga katin ɗaurin aure guda ɗari biyu, za a raba washegari bayan sallar Juma'a. Na jera su a gefen tebur suna shan iska. Na ƙara wa firinta jar tawada, na aje kwalbar kusa da su ban murɗa murfin ya kai ƙarshe ba. Na miƙa hannu zan ɗauko rula, hannun rigata ya share ta. Kafin in ɗaga, ta bi ta ƙarƙashin katunan, ta rina gefen fiye da rabinsu, sunan amarya da na ango duk sun yi jawur. Ba ni da sauran irin wannan takardar a gida. Da sassafe na hau mashin zuwa Sabon Gari na tsaya har aka buɗe shago, na sake bugawa da kuɗina. Da mai aikin ya zo na gaya masa gaskiyar abin da ya faru. Ya ce, "Ba komai Malam, Allah ya kiyaye gaba." Amma na ga yadda ya riƙa duba agogo, kuma raina bai daina sosuwa ba har yau idan na tuna. A makon ne na fara yanka kwali.

Yadda na tsara layin tawadar ke nan: allo mai ramuka huɗu, baƙi, shuɗi, ja, rawaya, a jere kamar yadda tankunan firinta suke, don hannu ya saba kada a zuba wani launi a gidan wani. Kowane rami ya fi kwalbar faɗi da kamar milimita uku. Auna taka kwalbar, domin sun bambanta. Ko a cikin na Epson, mai lamba 103 mililita 65 ce, mai lamba 664 kuma 70, siffarsu ma ba ɗaya ba ce. A ƙarƙashin allon na shimfiɗa murfin roba da tsumma a ciki, wanda ake zarewa a wanke. Dokata kuma ita ce, kwalba ba ta taɓa fuskar tebur. Daga raminta zuwa tanki, daga tanki zuwa raminta.

Sirinji da auduga da ƴar kwalbar sifirit su ma a wannan layi suke, a gida na biyar.

Firintata ta tona ce, wato garin tawada, ba ta ruwa ba. Me zai canza?

Layin tsakiya zai zama na gam da salatef kawai. Katirij, wato gidan garin tona, irin na HP 85A ko 12A ya yi wa wannan akwati girma, kuma bai kamata ya zauna a fili ba, saboda haske yana lalata gangar cikinsa. A bar shi cikin baƙar ledarsa a durowa. Garin tona kuwa ba a buɗe shi a ɗakin kwana ko kusa da fanka. Idan ya taɓa hannu ko riga, da ruwan sanyi ake wankewa, domin zafi ne ke narkar da shi ya kama, kamar yadda injin ke manna shi a takarda.

Ƙurar hunturu fa? In yi masa murfi gaba ɗaya?

Duk wanda ya yi Disamba da Janairu a garin nan ya san ka goge tebur da safe, kafin la'asar ka iya rubuta sunanka a kai. Sai dai murfi gaba ɗaya yana kashe amfanin akwatin. Abin da za ka ɗauka sau ashirin a yini ba ya son ƙofa. Cikin kwana uku za ka gaji da buɗewa, ka koma zubar da kaya a tebur.

Rufe abin da ƙura ke cutarwa kawai: takarda, tawada, ledar laminetin, filashi. Ƙwayar ƙura guda a cikin ledar laminetin tana fitowa ɓaro-ɓaro a kan hoton katin shaida, kuma ba ta ciruwa. Almakashi da rula ba ruwansu. Da daddare kuma a lulluɓe akwatin da firintar da ƙyalle guda. Tela zai ɗinka maka riga daga ragowar yadi. Wata ƴar dabara: gidajen layin baya kada a toshe gindinsu ruf, a bar ɗan rami a kusurwa, don idan ƙura da ɓurɓushin takarda suka taru a karkata akwatin a hure su fita. Ƴan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, ka jefa biyu a ɗakin takarda idan damina ta kankama.

Ina da yara ƙanana. Yaya zan yi da reza?

Hajiya, wannan ba a yi masa sassauci. Wuƙar yankan takarda a koyaushe a mayar da bakinta ciki kafin a aje, almakashi kuma tsininsa ƙasa. Sababbin rezoji, masu faɗin milimita 9 ne ko 18, kada su zauna a tiren gaba inda ɗan yatsa zai kai. A yi musu ɗan aljihu a bayan akwatin, ɓangaren da ke jingine da bango. Guntayen da ake karyewa idan baki ya dakushe su ne suka fi haɗari, don ƙanana ne, suna faɗuwa a kan tabarma ba a gani. Sami kwalbar magani da ta ƙare mai murfin murɗawa, a riƙa jefa su ciki, idan ta cika a naɗe da salatef a jefar.

Tawada ma launinta yana jan yaro. Idan ɗakin ba ya kulluwa, a sa wa akwatin maɗauki a gefe biyu, a gama aiki a ɗaga shi kan kwaba. Wannan ma wani dalili ne na yin sa ƙarami.

Zan iya haɗa masa soket da wurin caji?

Kada ka haɗa. Wuta da ruwan tawada da sifirit da tarin takarda ba sa zama a akwati ɗaya, ga wutarmu da takan dawo da ƙarfi ba sallama. A kafe ekstenshan a jikin bango ko ƙarƙashin tebur. Abin da za ka iya yi shi ne ƙugiya biyu a gefen akwatin don rataye wayar firinta da ta caji.

Dama ko hagu?

Ɓangaren hannun da kake yanka da shi. Firinta a ɗaya ɓangaren, tsakiya kuma fili don yanka. Zauna, ka miƙa hannu ba tare da ka ɗaga baya daga kujera ba. Inda yatsunka suka tsaya, nan ne iyakar layin baya.

Na ga ana buga irin wannan akwati da injin 3D. Ya fi na katako?

Aikin injin 3D, mai ƙera abu da narkakken zaren roba, ya fi katako a wuri ɗaya: ƙananan gidaje masu siffar kayan daidai, kamar ramin filashi ko mazaunin kwalba. Ana zana su kyauta da Tinkercad ko FreeCAD. Akwai ma wani tsari da ake kira Gridfinity, wanda Zack Freedman ya fitar a 2022, inda komai ke zama a kan murabba'ai masu milimita 42, ƙananan kwanduna suna hawa suna sauka yadda ka so. Ko ba ka da injin, tunanin yana da amfani: zaɓi awo guda, ka sa kowane gida ya zama ninkinsa, sai musanya ta yi sauƙi.

Amma a kula da abu uku. Farantin ƙananan injuna irin Ender 3 milimita 220 da 220 ne, ɗakin A4 ba zai fito a bugu ɗaya ba. Babban abu yana cin awoyi da yawa, idan wuta ta ɗauke a tsakiya ba inbata, sau da yawa aikin ya tashi a banza, zaren ma ya tafi. Sannan robar PLA, wadda aka fi amfani da ita, tana fara laushi a wajen digiri 60. A ɗaki lafiya lau, amma aka bar ta a mota a rufe cikin zafin Afrilu, ko kusa da injin laminetin, za ta karkace. Ni a ganina gangar jiki ta zama katako, ƴan cikin su zama roba. A zane kuma a ƙara wa kowane rami kamar rabin milimita, don abin da inji ya fitar yakan ɗan matse.

Wanda shi kansa aikin 3D yake yi a gida, tsarin hawa ukun bai canza ba. Layin baya ya ɗauki abin kankare faranti da filaya da makullan alan, tiren gaba ya ɗauki bakunan inji masu milimita 0.4 da allurar share su, ɗakin ƙasa kuma a mai da shi na sanfefa da ƙananan sukurori.

Ni riguna da kofuna nake bugawa, ba takardu ba. Zai yi mini?

Zai yi, da ɗan gyara. Takardar manna hoto ta zauna a ɗakin ƙasa, a raba ta da ta yau da kullum da ɗan allo don kada a ɗauki wata a madadin wata. A gefe a kafa ɗan sanda a zura salatef mai jure zafi. Ƙugiyar tsince leda da hantsaki su samu siririn bututu nasu, tsini ƙasa, da guntun soso a gindi. Akwatin dai ya yi nesa da injin gasawa da aƙalla kamu biyu.

Idan kayan aikina suka ƙaru fa, in sake babba?

Kafin ka sake, maimaita gwajin faranti. Sau da yawa za ka tarar sabon abu ya shigo ne wani tsoho ya daina aiki, sai su yi musanyar gida. Gidan nan da na ce na bari fayau a layin gaba, saboda haka na bar shi: baƙon kaya yana sauka a nan, idan ya yi wata guda hannu na nemansa sai in zare allo in gyara masa mazauni, idan kuwa ƙura ce kawai ta same shi sai ya koma jaka. Abin yanka kusurwar kati ta nan ya shigo, yanzu yana layin baya kusa da rula. Babbar sitefila ta ɗinke aikin ɗalibai kuwa ba ta taɓa samun gida ba. Sau biyu a shekara ake nemanta, idan masu kammala karatu a ABU da kwalejin Nuhu Bamalli suka taso da ayyukansu, sai in ciro ta daga ƙarƙashin tebur ta yi mako uku a waje, in shafa mata ɗan mai in mayar.